Bangon Baba Milimita Ya Yi Tumbi

Idan ana lissafin manyan mutanen Luanshya, wanda bai fara da Yallaɓai Dismas Sichone ba, to ya sake lissafi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sufeton awo da sikeli na gwamnati, kuma a duk shekarun nan bai taɓa yin kuskuren da ya kai kaurin gashin gira ba. Mu da muke layi ɗaya da shi a tsofaffin gidajen ma'aikatan haƙar tagulla mun tabbatar da haka daga majiya mai tushe, wato shi kansa, sau uku a mako. A gabansa Yallaɓai Sufeto muke ce masa. In ya ba da baya kuwa, Baba Milimita.

Wasu in sun yi ritaya da agogon bango suke dawowa gida, wasu da bargo. Shi da sandar awo ya dawo, ta baƙin katako, mai hular tagulla a kai, tana sheƙi. Da kansa ya shiga ɗakin ajiyar ofis ya zaɓo ta ranar sallama, don bai ga wanda ya isa ya zaɓa masa kyauta ba. Tun daga ranar ba a ƙara ganinsa ba ita ba. Ya auna bencinan coci. Ya auna shingen maƙwabta. Ya auna 'ya'yanmu ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙofarsa, ba tare da mun roƙa ba. Kullum yakan ce, "Duniya ba ta lalace don rashin addu'a ba, rashin awo ne ya kashe ta."

Ana nan sai auren 'yar autarsa Lukundo ya taso, aka sa Asabar ta zama ranar cilanga mulilo, ranar da matan gidan amarya ke dafa kowane irin abinci na danginsu su ɗauka a ka su kai wa ango, ya ga abin da za a riƙa ciyar da shi. A dangin matarsa Felistas, kifin buka-buka na tafkin Tanganyika ne ke jan gaba. In babu shi a tukunyar farko, sai a ce amarya ba ta da tushe. Kuma ɗanye ake dafa shi a safiyar ranar, don ƙyafaffe ko soyayye kowa ma na iya saye a kasuwa.

Saboda haka babban ɗansu Wiza, da ke aiki a Solwezi, ya ce zai saya wa uwarsa sabon firji mai ƙofa biyu. Ya bugo waya ya ce takarda ta nuna faɗinsa santimita casa'in da ɗaya, a sa Lameck magini ya auna gurbin da tsohon firjin yake ciki a kicin, tsakanin bango da bango.

"Lameck?" in ji Yallaɓai, da muryar da har gidana muka ji. "Ni za a kira wa Lameck? Kai da na auna ranar da aka haife ka, har na gyara wa ungozoma sikelinta?"

Ya ɗauki sandarsa ya shiga kicin, ya fito da hukunci: casa'in da biyu cif. Har da rarar santimita guda ta shan iska. Ranar Lahadi ya sallami tsohon firjin zuwa ƙauye wurin ƙanwarsa, bayan ya yi masa gajeren jawabin bankwana.

Ranar Litinin firjin ya iso, dogo, ruwan azurfa, ƙarti huɗu na nishi a ƙarƙashinsa. Layi ya fito kallo. Aka tura shi har bakin gurbin, sai ya ja ya tsaya kamar akuyar da ta hango mahauci. Aka karkata shi, ya ƙi. Aka ɗaga shi, ya ƙi. Kowane gefe ya ci karo da bango.

Wani mutum da sai ya sosa ƙeya. Yallaɓai bai sosa komai ba. Ya sake auna gurbin: casa'in da biyu. Ya auna firjin: casa'in da uku. Nan take fuskarsa ta washe, irin ta maharbin da ya daɗe bai ga nama ba.

"Jama'a, ku shaida!" ya ce, yana ɗaga sandar. "Sun rubuta casa'in da ɗaya, suka ƙero casa'in da uku. Wannan ba kuskure ba ne, cin amanar nahiya ne. Sun zaci babu mai ido a wannan ƙasa. Ba su san gidan da kayansu zai faɗo ba."

Lameck, da aka kira a ƙarshe don a samu mai riƙe guduma, ya zaro tef ɗinsa na aljihu ya gwada. Ya ce a hankali, "Yallaɓai, nawa ya ce gurbin casa'in ne, firjin kuma casa'in da ɗaya, kamar dai yadda takarda ta faɗa."

Yallaɓai ya miƙa hannu. Lameck ya ba shi tef ɗin, yana zaton dubawa zai yi. Yallaɓai ya jefa shi a aljihu, ya yago takarda ya rubuta cewa an ƙwace ma'aunin jabu guda ɗaya daga hannun Lameck magini, ya sa hannu, ya miƙa masa. Mutumin da ya bar aiki shekara tara. Da yamma kuma ya zauna ya rubuta wa masu ƙera firjin wasiƙa mai shafi shida, da kwafi zuwa ga bishop da Wiza. An bar jaki ana dukan taiki, amma wa zai faɗa masa?

Ranar Talata da safe motar Mpulungu, garin da ke bakin tafkin Tanganyika, ta sauke kula guda. Mahaifiyar Felistas, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, ita da kanta ta dogara sanda zuwa bakin tafki ta zaɓi kifi talatin, aka jera su cikin ƙanƙara saboda jikarta. Watan Oktoba ne, lokacin da kwanon rufi ke ƙara don zafi.

Felistas ta dubi kular, ta dubi firjin da ke tsaye a tsakiyar kicin kamar baƙon da ba a ba wa kujera ba. Ta ce, "Baban Lukundo, ga soket a falo. A jona shi can mu sa kifin nan. Bayan biki ka yi ta awonka har Kirsimeti."

"Maman Lukundo, kin san me kika faɗa kuwa?" in ji shi. "Firji a falo sanarwa ce. Duk wanda ya shigo zai tambaya me ya hana shi shiga kicin, kuma mutanen banza za su ce awo ne. Ba a kunna na'ura sai ta hau kujerarta. Gurbin nan daidai yake. Abin da ya rage kawai bango ya rage sutura."

Bangon hagu na gurbin yana da tayil tun zamanin Turawan kamfani, mai kauri kamar biskit ɗin soja. Lameck ya sa guduma ya kwaɓe shi tas. Da la'asar aka tura firjin, ya shige sumul, da ƙyar takarda za ta ratsa gefensa. Felistas ta rangaɗa guɗa. Ta riga ta kama wayar za ta jona, sai Yallaɓai ya ɗaga sanda.

Ya nuna gefen bangon da ya leƙo, da saman firjin, inda siminti ya fito toka-toka duk tabo. "Surukaina za su shigo gidan Sufeto Sichone su ga bango tsirara? A fito da shi. Sai an suturta bangon tukuna."

Aka fito da shi. Ni ina wurin, na ga fuskar matar nan, kuma ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Laraba Yallaɓai ya sa kwat ya shiga gari neman tayil mafi sirantaka a lardin. Shago uku ya shiga, a kowanne ya yi wa mai shagon lacca kan kauri, a na ƙarshe har ya gano cewa kantar mutumin ta fi ƙa'ida tsawo. Ya dawo da wani tayil fale-fale kamar farce. Lameck ya shafa siminti ɗan kaɗan ya liƙa. Aka tura firjin, ya shiga taƙi ɗaya ya cije.

Yallaɓai ya kwantar da sandarsa a jikin bangon, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana nazari. Daga nan ya juyo ya bayyana wa duniya abin da ya gano. "Bangon ya yi tumbi. Shekara saba'in yana shan tururin tuwo da man girki, ba wanda ya sa masa ido. Abin da rashin kulawa ke jawowa ke nan." Yana maganar maɓallin kwat ɗinsa na tsakiya yana neman agaji, amma duk muka kalli bango.

Aka sake kwaɓe tayil ɗin. Aka ce Lameck ya sassaƙe tumbin. Bangon kuwa zubin kankare ne na mutanen da, ko harsashi ba ya cin sa. Awa biyu Lameck na duka, abin da ya samu bai cika cokali ba.

A ranar ce Felistas ta miƙo kular ta kan shingen baya, matata ta karɓa, muka fara kwashe kayanmu daga ɗan firjinmu don a samu wuri. Ba mu gama ba sai ga ƙwanƙwasa ƙofa da hular tagulla.

"Maƙwabci," ya ce mini, "kifin gidan Sichone ba ya kwanan haya. In ya kwana a nan, gobe duk layi zai ce firjina ba ya aiki. Gobe da safe komai zai kammala. Na ba ka kalmar sufeto."

Ni na ɗauki kular da hannuna na mayar, yana biye da ni kamar mai rakiyar fursuna. Har yau in na tuna kunya nake ji. Felistas ta koma sayen ƙanƙarar unguwa, wadda ba ta kai azahar ta zama ruwan ɗumi.

Alhamis aka gwada siririn katako irin na bayan kabad. Firjin ya kankare shi ya naɗe. Aka gwada ledar ƙasa da gam, ta yi ƙulu-ƙulu. Lameck, wanda idonsa ya yi ja, ya ce, "Yallaɓai, don girman Allah mu shafa fenti kawai mu huta."

"Fenti ba sutura ba ne, kwalliya ce," in ji Yallaɓai. "Kai in aka shafa maka hoda aka tura ka coci haka, ka sa kaya ke nan?"

Ya juya ya kalli zanen da matarsa ke ɗaure da shi, kallon mai auna kauri. Ita ma ta kalle shi. Sai ya nemi ruwan sha.

Basira irin ta manya ba ta zuwa sai a kan gaɓa. Juma'a da safe Yallaɓai ya sa aka sauko da akwatin ƙarfe daga saman kabad. A ciki akwai kwafin duk rahotannin da ya rubuta a shekara talatin da ɗaya, a kan takardar nan ta da mai sirantaka kamar ɓawon albasa: sikelin wane ya ci giram hamsin, mudun wance an buga masa gindi, litar wane ba ta cika ba. Ya ce babu suturar da ta fi wannan sirantaka, kuma babu wadda ta fi ta daraja. Aka dama kunun rogo, ya tsaya a kan Lameck aka liƙe bangon daga ƙasa har sama, kowane shafi a miƙe. Sannan ya aika gida-gida cewa ƙarfe huɗu za a yi bikin ƙaddamarwa.

Muka hallara, har da waɗanda ba a gayyata ba. A daidai lokacin sai ga wakilin dangin ango ya zo tsayar da lokacin da za a kai abinci gobe. Baba Yotamu Daka ne, wani tsoho siriri mai fara'a daga Kitwe, wanda ya yi shekaru yana sayar da yadi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yallaɓai ya ga dama ta samu, nan take ya naɗa shi babban baƙo.

Jawabin ya ɗauki minti arba'in. Ya taɓo tarihin mita, da jirgin Nuhu wanda a cewarsa bai nutse ba don an bi awo, da lalacewar matasa. Daga ƙarshe ya ce, "Kafin na'ura ta rufe wannan tarihi, ina gayyatar babban baƙonmu ya matso ya ga yadda ake yi wa ƙasa aiki."

Baba Yotamu ya sa tabarau ya shiga gurbin. Ya bi shafukan da yatsa yana gyaɗa kai don ladabi. Can sai yatsan ya tsaya. Ya matsa kusa. Sai muka ji yana karantawa da ƙarfi, a hankali:

"An ƙwace daga hannun Yotamu Daka, mai sayar da yadi a kasuwar Kitwe, sandar awo guda ɗaya ta baƙin katako mai hular tagulla. An yanke santimita biyu daga kanta, aka mayar da hular don ɓoye wurin. An ajiye ta a ɗakin ajiya a matsayin shaida. Sa hannu, D. Sichone."

Ya juyo, ya dubi abin da ke hannun Yallaɓai, sai ya tafa hannu kamar wanda ya ga ɗan'uwan da ya ɓata.

"Wayyo, 'yar albarka! Ashe kina raye! Sufeto, ashe kai ne? Ka yi ƙiba, ban gane ka ba. Ba ni ita in gaisa da ita." Ya karɓi sandar, ya murɗa hular da wata dabara, ta fita a hannunsa. Ga wurin yankan zarto nan, lamba ta fara daga inda bai kamata ba. "Allah ya yafe mana, ƙuruciya ce. Amma yara bakwai na yi wa makaranta da santimita biyun nan. Ranar da ka tafi da ita har kuka na yi. Ka riƙe ta da kyau kuwa, ko tsatsa babu."

Lameck ya fara wani irin tari da ya tilasta masa fita waje. Wata mata a bayana ta ce a hankali, ashe shi ya sa aka hana ɗanta shiga aikin ɗan sanda, alhali Baba Milimita ya rantse tsayinsa ya kai. Wani kuma ya tuna shingensa da aka sa shi ya datse.

Kada ku yi zaton Yallaɓai ya faɗi. Manya ba sa faɗuwa a gaban jama'a, gyara tsayuwa suke yi. Ya ja kwat ɗinsa, ya yi gyaran murya.

"Kun ji da kunnenku," ya ce. "Santimita biyu cif. Ba ɗaya da rabi ba, ba biyu da kwata ba. Wa ya gano su tun shekara ashirin da bakwai da suka wuce? Ni. Rahoton nan babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Ina fata matasa za su ɗauki darasi."

Felistas ta yi wa ƙartin nan huɗu alama da ka, suka tura firjin ya shige, ya rufe rahoton da mai rahoton ya fi so a manta. Ta jona wayar da kanta. Firjin ya yi wata 'yar ƙara mai daɗi, fitila ta kama a ciki, sanyi ya fara fitowa. Kwana uku cur bayan isowar kifin.

Ta jawo kular tsakiyar kicin ta durƙusa ta buɗe.

Ban san wanda ya riga wani kai wa ƙofa ba. Na dai san babban baƙo, mai ciwon gwiwa, ya riga ni. Daga tsakar gida muka leƙo ta taga, hanci a toshe. Felistas na nan durƙushe, tana ɗaga kifayen ɗaya bayan ɗaya ko za ta samu guda da bai lalace ba. Har na talatin babu. Hawaye na zuba a fuskarta ba ta share ba. Gobe za a kai abincin autarta babu tukunyar farko, kuma ita ce za ta buga wa tsohuwar nan ta Mpulungu waya ta faɗa mata.

Yallaɓai kaɗai ya rage a kicin, don martabarsa ba ta bar shi ya gudu ba. Ya danne numfashi ya ce, "A kimiyyance, Maman Lukundo, laifin ƙanƙara ne, domin ƙanƙarar zamani..."

Ta miƙe ta rufe kular. Ta ɗauko shebur ɗin Lameck ta danƙa masa a hannun dama, ta ɗauki sandar awo daga kan tebur ta danƙa masa a na hagu.

"Baban Lukundo, je ka bayan gida ka haƙa rami ka binne su. Zurfin mita ɗaya." Ta kai bakin ƙofa, sai ta waiwayo. "Ka ƙara santimita biyu, kada karnuka su tono."